Amsa Ga Ɗana Na Kano: Hannun Shugaba Da Teburin Akawu A Sudan

Ɗana Habibu, ina gaishe ka da iyali, ka isar da gaisuwata ga Yaya Alhaji da sauran dangi na Kano. Mu nan Gadarif muna godiya ga Allah, duk da halin da ƙasa take ciki.

Tambayarka ta iso ni. Ka ce kana jin mu Hausawan gabas muna da yawa, har da garuruwa sukutum namu, amma ba ka jin sunanmu cikin manyan ma'aikatan hukuma. Ka kuma ce ka lura ko takardar haihuwa za a karɓo, mutanenmu ba sa tafiya ofis su kaɗai, sai sun biya ta wurin umda, wato dagacinmu na nan, ko shehin unguwa. Kana son sanin ko rashin boko ne, ko kuwa rashin zuciya. Boko ya yi mana ƙaranci a da, ba na musun wannan. Amma in kana son gane halinmu, sai ka fara gane yadda duk wanda ya hau mulki a Khartum yake riƙe ma'aikatan gwamnati, domin a ƙarƙashin wannan riƙon muka tashi. Na koyar a firamare, daga baya na koma ofishin ilimi na mahalliya, wato ƙaramar hukuma, har na yi ritaya, saboda haka daga ciki nake ba ka labari.

Turawan Ingila sun bar ma'aikata 'yan kaɗan, masu tsari, waɗanda ake kira affandiyya. Yawancinsu 'ya'yan gidajen bakin kogi ne na arewa, da suka yi karatu a kwalejin Gordon wadda aka buɗe a 1902. A 1954, da aka zo miƙa kujerun Turawa ga 'yan ƙasa, muƙamai wajen 800 aka raba, kuma mutanen kudu gaba ɗayansu ba su sami ko goma ba. Mu ba a ma yi zancenmu ba. Kakanninmu, wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Wasu mahajjata ne masu tafiyar ƙasa, suka tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, zama ya kama su. Mutumin da ya baro ƙasarsa don kada ya zauna ƙarƙashin Nasara ba zai ɗauki ɗansa ya kai makarantar Nasara ba. Allo suka ba mu. Ranar da ake raba kujeru, muna gona.

Amma ƙofar da ta fi daɗewa a rufe ita ce ta jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1948, da ta 1957 da ta gaje ta, sun ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dubi wannan rana da kyau, ka dubi shekarar Burmi. Mutum an haife shi a Mai Wurno, bai san wata ƙasa ba, amma sai a ce ya nemi jinsiyya irin ta baƙo. Ba ta, ba aikin gwamnati. A zamanin Shugaba Numairi aka matso da ranar zuwa 1924, a 1994 kuma aka maido ta 1 ga Janairu 1956. A rubuce matsalar ta ƙare ke nan. A teburin jami'i ba ta ƙare ba. Zai tambaye ka ƙabilarka. In ka ce Hausa, sai ya ce ka kawo ɗan'uwan ubanka mai jinsiyya ya tsaya maka, ka kawo shaidar umda, sannan a miƙa fayil ɗinka ga bincike. Wanda ke bayanka a layi, saboda sunan ƙabilarsa kawai, ya karɓi tasa kafin azahar. Hausawan Jos da suka taɓa neman takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma za su gane abin da nake faɗa ba sai na ja ba.

Abin lura a nan, ɗana, shugaba ba ya buƙatar kafa dokar da ta ambaci sunanka. Ya ishe shi ya bar wa ƙaramin jami'i ikon cewa "a dawo gobe", ya kuma bar jami'in da sanin abin da na sama suke so. In iska ta juya, ana neman ƙuri'unmu, sai ka ga an turo ayarin yin rajista har cikin unguwa, takardar da ta gagari ubanka shekaru ta fito cikin mako. Doka ɗaya ce, jami'i ɗaya ne, umarnin baka ne ya sauya.

Sai maganar kora, wadda ita ce babban makamin kowane mai mulki a nan. Bayan juyin Oktoba na 1964 da ya kawar da Janar Abbud, aka yi abin da suka kira tsarkakewa, aka sallami waɗanda aka ce sun yi wa soja hidima. Numairi ya zo a Mayu 1969 ya yi tasa. A 1981 da ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara suka shiga yajin aiki, ya murƙushe ƙungiyarsu, wadda a lokacin babu mai ƙarfinta a ƙasar, kuma jirgin ƙasan bai sake komawa yadda yake ba. Ku ma kun ɗanɗani irin wannan a 1975, lokacin da Murtala ya sallami ma'aikata sama da 10,000. Bambancin shi ne taku guguwa ce ta 'yan watanni. Tamu, daga juyin mulkin 30 ga Yuni 1989, ta zama tsarin mulki na shekara 30.

Da Umar Bashir da mutanen Hasan Turabi suka karɓi mulki, suna da manufa da suka kira tamkin, wato kafa mutanensu a kowace kujera. Hanyar share musu wuri kuwa ita ce sallama da sunan salihul am, maslahar jama'a. Takarda ce gajera. Ba a tuhume ka da sata ba, ba a ce ka gaza aiki ba, ba a kira ka ka kare kanka ba. An ce kawai maslahar jama'a ta buƙaci ka tafi gida. Alƙalai, jakadu, likitoci, malaman jami'a, injiniyoyi, hafsoshin soja da na 'yan sanda, dubun-dubatar mutane suka tafi ta wannan hanya. Da yawansu suka cika ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, su ne suka gina wa wasu ma'aikatunsu. Na ga shugaban makaranta da ya koyar da rabin garinsu ya koma sayar da gawayi. Abin da ya fi ciwo shi ne kowa ya san ba a Khartum ake rubuta sunayen ba. Daga cikin ofis ɗin suke fitowa, daga wanda kuke shan shayin safe tare. Bayan haka wa zai sake buɗe baki ya ce wa mudiri, wato shugaban ofis, wannan lissafin bai yi daidai ba? Wanda aka kora ya tafi da iliminsa, wanda aka bari ya haɗiye nasa.

Ba kullum ake kora ba. Akwai canjin wurin aiki. Malamin da ya cika tambaya sai a wayi gari an tura shi ƙauyen da babu ruwa babu mota, nesa da iyalinsa, har ya gaji ya ajiye aikin da kansa. Akwai kuma riƙe ƙarin girma, mutum ya tsufa a mataki ɗaya yaran da ya koya wa aiki suna wuce shi.

Ƙofar shiga ma an sa mata mai gadi. Akwai kwamitin zaɓen ma'aikata, amma kafin ka kai gabansa sai ka nuna katin bautar ƙasa, kuma a shekarun farko ana tura ma'aikata da ɗalibai sansanin Difa'us Sha'abi, rundunar sa-kai da aka kafa a 1989, su yi atisaye su saurari wa'azin siyasa. Wanda ya ƙi, an gane shi. Wanda ya zo da shaidar wani babba a jam'iyya, tambayoyinsa ba su da wuya. Ƙungiyoyin ƙwadago an rushe su tun ranar juyin mulki, daga baya aka sake gina su ta yadda likita da direba da masinja na ma'aikata ɗaya suke ƙungiya ɗaya, don kada masu sana'a ɗaya su haɗa kai a faɗin ƙasa. A ma'aikatu da yawa kuma, mai riƙe da ainihin iko ba shi ne mai sunan a ƙofa ba. Za ka ga mudiri dattijo yana sa hannu, amma sai ya fara duban fuskar mataimakinsa matashi, wanda kowa ya san inda yake kai rahoto. Mutanen gari suna kiran 'yan wannan tsari kizan.

A ƙasa can, cikin unguwa, a zamanin Bashir akwai lijan sha'abiyya, kwamitocin jama'a. Su ke raba sukari da kati a shekarun ƙunci, su ke ba da takardar shaidar mazauni, wadda in ba ta ba za ka sa yaro a makaranta ko ka nemi fili ba. Ka ga ke nan hannun fadar shugaba ya iso har ƙofar gidanka ba tare da an turo soja ko ɗaya ba.

Kuɗi ma linzami ne. Jihohi da mahalliyoyi ba su da abin da zai ishe su, sai abin da Khartum ta turo, albashin malamai kuma yana wuyan mahalliya, shi ya sa mu ne farkon waɗanda ake bi bashi in wata ya yi nisa. Su kuwa ma'aikatun da ake ji da su, an ƙyale su suna tara kuɗin shiga a asusun kansu ba tare da ya bi ta baitulmali ba, abin da ake kira tajnib. Na ji ku a 2015 an tilasta asusu guda don toshe irin wannan ɓaraka. A nan, barin ɓarakar shi ne ladan biyayya. Da aka fara fitar da mai a 1999 abin ya bunƙasa, da kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man, sai kujeru suka fi kuɗin ciyar da su yawa.

Kujerun kuwa da gangan aka yawaita su. A 1994 aka raba ƙasar jiha 26, kowace da walinta, wato gwamnanta, da ministocinta, da majalisarta, da mu'utamadai, wato shugabannin mahalliyoyi, a ƙarƙashi. Duk wanda ake son a lallashe shi akwai inda za a zaunar da shi. In kana son sanin muhimmancin naɗa wali a wurin shugaba, dubi abin da ya raba Bashir da Turabi. A ƙarshen 1999 Turabi yana shugaban majalisa, yana tura gyaran da zai sa jama'a su riƙa zaɓen walinsu kai tsaye, a kuma rage ikon shugaban ƙasa. Bashir ya rushe majalisar a watan Disamba. An zo an zaɓi walai a 2010, amma a farkon 2015 aka gyara tsarin mulki ikon naɗa su ya koma hannunsa. A Fabrairu 2019, da zanga-zanga ta yi tsanani, ya sauke su duka ya sa hafsoshi. Watanni biyu ba su cika ba ya faɗi.

Yanzu bari in zo kan umda, tunda shi ya fi ɗaure maka kai. A nan sarautar gargajiya tana da matakai: nazir a sama, umda a tsakiya, shehi a ƙasa. Numairi ya rushe ta a 1971, ya maye gurbinta da jami'an mulki da ake turowa daga sama, kusan yadda gyaran 1976 ya karɓe En'e daga hannun sarakunanku. Bashir ya farfaɗo da ita, amma da sharaɗin hatimi daga hukuma yake fitowa. Mu kuwa ba mu taɓa sakin namu ba, ko lokacin da doka ba ta san da su ba. Dalili a fili yake. Jami'in da aka turo daga nesa bai san ka ba, kuma an koya masa ya yi shakkar ka. Umda ya san ubanka, ya san kakanka, ya san shekarar da gidanku ya sauka a unguwar. In ya tsaya a gaban teburi ya ce wannan ɗan wane ne, maganarsa tana da nauyin da taka ba ta da shi. Shi ke zaman sulhu in shanu sun shiga gona, shi ke tattara diyya in tsautsayi ya faɗa wa wani, shi ke bin sawun yaron da aka kama. Ba tsoron ofis ke sa mu biya ta wurinsa ba. Mun daɗe da sanin cewa mutum ɗaya a gaban teburi ba shi da murya.

Sai dai wannan hanya tana da haɗari, kuma ba zan ɓoye maka ba. Umdan da hatiminsa ke hannun wali, dole wata rana a ce ya kawo jama'arsa filin taro. Wasu manyanmu sun matsa kusa da jam'iyyar Bashir ta Mu'utamar Waɗani mai mulki a lokacin, suna ganin ta nan ne kawai za a sami jinsiyya da makaranta da asibiti. An kuwa sami wasu abubuwa, ba zan ce ba a samu ba. Amma alfarma ba haƙƙi ba ce. A Oktoba 2008 wata jarida ta ruwaito Bashir yana cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Ya musanta, amma kafin nan mutanenmu sun fito a nan Gadarif da Bur Sudan, an yi arangama da 'yan sanda, an zubar da jini. Magana ɗaya a jarida ta isa ta girgiza abin da muka ɗauka ya kafu. A gefe guda kuma, maƙwabtanmu a wasu wurare suka riƙa kallon mu a matsayin mutanen gwamnati. A Yuli 2022, a jihar Nil Azraƙ, zancen ba Hausawa masarautarsu a cikin tsarin gargajiya ya haɗu da tsohuwar gardamar wane ne mai ƙasa, wuta ta tashi a Rusairis da kewaye, ta sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta daga kowane ɓangare, dubbai suka bar gidajensu. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya. A ganina, alhakin farko yana wuyan masu mulkin da suka mayar da sarauta kyautar da ake ba wannan don a tsorata wancan, suka kuma bar samun fili da takarda ya rataya a kan ko ƙabilarka tana da nazir.

Daga duk wannan ne ɗabi'un da ka gani suka fito. A gidajenmu takarda tana da daraja irin ta zinariya. Jinsiyyar kaka, rasiɗin harajin gona, shaidar makaranta, duk suna cikin adakar uwar gida an naɗe su a leda, ba a ba yaro ya riƙe. Ba ma sa ƙwanmu duka a aikin gwamnati: in ɗa ɗaya ya shiga koyarwa ko aikin jinya ko ɗan sanda, sauran suna noman dawa da riɗi, ko su a kogi, ko kasuwa, ko tukubar agashe, domin takardar sallama ɗaya kada ta kashe tukunyar gida. Waɗanda suka shiga aikin ma sun fi yawa a matakan da siyasa ba ta cika leƙawa ba, shi ya sa ba ka jin sunansu, amma suna nan, a aji da ɗakin magani da bariki. A ofis Larabci muke yi tsantsa, Hausa sai an dawo gida. A zamanin iyayenmu akwai waɗanda suka rubuta sunan wata ƙabila a takarda don 'ya'yansu su wuce. Ba na zargin su, na san abin da suka gani. Amma ina farin ciki da yaran yanzu, waɗanda suka cika jami'o'in Khartum da Jazira da Gadarif da Sinnar, in an tambaye su sai su ce Hausa da ƙarfi, su kuma tambayi jami'in wace doka ce ta ce a tura su bincike.

Bayan faɗuwar Bashir a 11 ga Afrilu 2019, gwamnatin Abdalla Hamdok ta kafa kwamitin warware tamkin. Koken gaskiya ne, an kuma ƙwato filaye da kamfanoni da aka wawure. Amma da aka zo kan ma'aikata sai aka koma karanta sunaye a talabijin, ɗari-ɗari, alhali kwamitin ɗaukaka ƙara bai tsaya da ƙafarsa ba. Cikin waɗanda aka sallama akwai azzalumai da kowa ya sani, akwai kuma wanda laifinsa kawai an ɗauke shi aiki a wancan zamani. Da Janar Burhan ya kifar da gwamnatin a 25 ga Oktoba 2021 ya dakatar da kwamitin, kotu ta mayar da mutane da yawa bakin aiki, a wasu ofisoshin mutum biyu suna da'awar kujera ɗaya. Ni ban ga ribar mutanenmu a kora ko wace iri ba. Duk lokacin da aikin gwamnati ya zama na wanda ya ci nasara, mu da ba mu da kawu a fada mu ne a ƙarshen layi. Abin da zai amfane mu shi ne a ɗauki ma'aikaci da jarrabawa, a manna sakamako a bango kowa ya gani, kada a sallame shi sai da laifi rubutacce da damar kare kai, kuma sharuɗɗan jinsiyya su zama iri ɗaya ga kowa ba tare da tambayar ƙabila ba. Ku kuna da hukumar raba daidai a tsarin mulkinku, na san kuna kuka da yadda take aiki, amma aƙalla akwai rubutun da mutum zai ɗaga ya yi ƙara da shi.

Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa ma'aikatun Khartum, gwamnati ta ƙaura Bur Sudan a lokacin, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi hannun masu yaƙi da sojan gwamnati a Disamba na shekarar, Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta biyo baya a 2024, jama'a suka kwararo mana nan, har da 'yan'uwanmu na Jazira da Sinnar. A shingayen hanya lambar ɗan ƙasa ake tambaya, wanda ba shi da ita kuma fuskarsa da lafazinsa ake dubawa. Waɗanda suka samu suka fito da takardunsu sun wuce da sauƙi. Waɗanda suka fito da kayan jikinsu kawai, su muke zama da su yanzu bayan la'asar a ƙofar umda. Dattawa suna tantance wane ɗan wane ne, mu da muka iya rubutun ofis muna cike musu takardu, matasa kuma suna raka su rukuni-rukuni zuwa wurin rajista da safe.